Daga Maƙerar Jabo Zuwa Ajin Kimiyya: Me Ke Sa Lauje Ya Riƙe Kaifi?

A Jabo da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, duk mun san takaicin laujen da ya dakushe ana tsakar girbi. Aiki ya tsaya, kuɗin manomi sun tafi. To me ya sa wani lauje yake shekaru, wani kuwa ko kaka ɗaya ba ya kaiwa?

Sirrin yana cikin sinadarin kabon, wanda shi ne ya fi yawa a gawayi. Ƙarfen sifirin mota yana da kabon kimanin kashi 0.6 cikin 100, shi ya sa maƙeranmu suke neman sa. Idan aka zuga shi ya yi jajir, wajen digiri 800, aka tsoma a ruwa ko mai, sai ya yi tauri. Daga nan a ɗan sake ɗumama shi don kada ya riƙa karyewa.

Rodin gini kuwa kabon ɗinsa kaɗan ne, ko an tsoma ba ya yin taurin kirki. Dabarar ita ce a rufe ƙarfen cikin garin gawayi, a gasa shi na wasu awoyi a kan digiri 900. Kabon zai ratsa fatarsa kamar milimita ɗaya. Bayan tsomawa, waje ya yi tauri, ciki ya kasance mai jure duka. Haka ake yi wa haƙoran giyar mota.

Sai dai wuta tana da nata haraji. Baƙin ɓawon nan da muke gani yana zuba a gindin uwar maƙera, ƙarfe ne da iskar oksijin ta cinye, ɗan'uwan tsatsa ne, zafi ya hanzarta shi. Idan ƙarfe ya daɗe a wuta, har kabon ɗin fatarsa yakan ƙone, kaifi ya tafi. Don haka masana'antu suke ƙara kuromiyom, mai yin siririn rufi da ke tare iska. A 1900, a baje kolin birnin Paris, Taylor da White na Amurka sun nuna ƙarfe mai tangistin da kuromiyom da ke yanka ko ya yi ja.

Ana karanta wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Kafin mu kai can, mu leƙa maƙerar unguwarmu, mu tambayi maƙeri wane launi yake jira kafin ya tsoma.