Ots Marar Ɓawo A Fadamar Kebbi: Abin Da Wayarka Za Ta Gaya Maka Kafin Ka Sayi Iri

Duk wanda ke bin shafukan noma da kiwo a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: gona shar da ciyawa, shanu sun yi ɓul-ɓul, mai gonar yana yabon wani hatsi da ake kira ots. Shi ne dai wanda muke sha kamar kunu daga gwangwanin Quaker. Wasu ma sun fi yabon nau'insa marar ɓawo, wai shi ne sarkin abincin dabbobi. Matashin da ya turke raguna huɗu a Birnin Kebbi, ko mai 'yar gona a fadamar Argungu, dole ya tambayi kansa ko wannan abu zai yi a nan.

Zai iya yi, amma cikin ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma da wuya marar ɓawon ya zama shi kake buƙata. Wayar da ta nuna maka bidiyon ita ce za ta taimaka maka ka tantance.

Mene ne ots marar ɓawo?

Ots ɗan uwan alkama ne da sha'ir, kuma ya fi son sanyi. Wanda aka saba da shi tsabarsa na manne da ɓawo, sai an kai shi inji. Marar ɓawon kuwa yana zubar da nasa tun wurin sussuka, kamar yadda alkama ke yi. An daɗe ana noma shi a arewacin ƙasar Sin. Da yake babu ɓawo, tsabarsa ta fi ta ɗan uwansa furotin da mai, shi ya sa masu kaji ke sonta.

Ga inda masu talla ba sa tsayawa su yi bayani: duk wannan fifiko a tsaba yake. Idan za ka yanka shukar tana ɗanya ka ba rago, ko ka shanya ta ta zama kamar harawa, ganye da kara dabbar za ta ci, babu ruwanta da ko irin da ka shuka yana da ɓawo. Ƙari a kan haka, irin da ba shi da ɓawo ya fi saurin rauni wurin casa da sufuri, don haka yakan gaza wajen tsirowa.

Yawancin bidiyoyin kuma daga wurare masu sanyi suke. A Amurka mafarauta kan shuka ots a gefen daji don su jawo barewa. A fadamarmu namun dajin da tsaba tsirara za ta gayyato su ne ɓeraye da tsuntsayen jan-baki, waɗanda manoman shinkafar Argungu sun san ɓarnarsu sarai.

Me ya sa batun ya shafe mu?

Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi cikin Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, noman rani ya ƙara mamaye kwarin Rima. Manomi ya samu, amma fadamar da shanu ke sauka su yi kiwo da rani ta ragu, kuma rigimar manoma da makiyaya sau da yawa daga nan take tashi. Daga watan Maris zuwa faɗuwar damina harawa kan yi tsada, ga shi a 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa tsakanin ƙarshen Mayu da Yuni. Wanda ya turke rago don layya yana ciyar da shi ne daidai lokacin da abinci ya fi wuya. Ke nan duk abin da zai samar da ciyawa da rani ya cancanci a duba shi da idon basira.

Gwaji na farko: manhajar yanayi

Ots ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 25. Da zafi ya zarce 30 yana daɗewa, sai girmansa ya ja baya. Buɗe manhajar yanayi ta wayarka, ko ka shiga shafin NASA POWER, wanda kyauta ne. Za ka dangwala wurin gonarka a taswira, ya ba ka bayanin zafi da ruwan sama na shekarun baya. Za ka ga a yankinmu dare kan yi sanyi sosai a Disamba da Janairu, amma rana takan kai 30 ko sama, sannan a Maris da Afrilu zafi kan haura 40.

Ma'ana ƙofa ɗaya ce, wato hunturu, lokacin da ake noman alkama. A Indiya da Pakistan ma haka manoma ke yi: su shuka ots da ban ruwa a farkon sanyi, su yi yankan farko bayan kamar kwana 50 zuwa 60. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba zai iya yanka a Janairu. Wanda ya bari sai Fabrairu ya yi asarar iri da man inji.

Gwaji na biyu: iri

Kada ka tura kuɗi don ka ga hoton buhu a WhatsApp. Shigo da iri daga waje yana buƙatar izinin hukumar NAQS, mai kula da shige da ficen tsirrai da dabbobi. A cikin gida kuma hukumar iri ta ƙasa, NASC, tana da tsarin SEEDCODEX: akwai lamba a jikin buhun irin da aka tantance, ka kankare kamar katin waya, ka tura, a gaya maka ko na gaske ne. Ots ɗin gwangwani kuwa an turara shi an murje, ba zai taɓa tsirowa ba.

In ka samu irin, ƙirga ƙwaya 100, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa, kana ɗaukar hoto kullum. Bayan mako guda zuwa kwana 10 ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan ba su kai 70 ba, mayar wa mai shi kayansa.

Gwaji na uku: fara da kaɗan

Da manhajar auna fili irin su GPS Fields Area Measure, zagaya gefen gonarka ka ware taku goma tsawo, goma faɗi. Ots na ciyawa yana cin kilo 80 zuwa 100 na iri a hekta, don haka kamar kilo ɗaya ya ishi wannan ɗan fili. Rubuta komai a waya: ranar shuka, sau nawa ka yi ban ruwa, litar fetur nawa injin ya sha, dami nawa ka yanka. Mai famfon sola ma ya rubuta awanninsa. Kada ka cika takin yuriya, domin ots kan tara sinadarin naitiret, wanda in ya yi yawa yana iya kashe dabba. A ƙarshe kwatanta abin da ka kashe da farashin harawa a kasuwa a wannan makon. Lissafin nan ne zai raba gardama.

Abin da ke gabanmu tuntuni

Kebbi ba ta rasa abin ba dabba, sarrafawa ce ta yi ƙaranci. Karan shinkafar da ake ƙonawa bayan girbi yana zama abinci mai kyau idan aka narka kilo 4 na yuriya a ruwa, aka yayyafa wa kilo 100 na kara, aka rufe da leda ruf har mako uku. Sai a buɗe ya sha iska kafin a ba shanu ko manyan tumaki. Ba a ba jaki, doki ko ɗan maraƙi, kuma karon farko a yi shi tare da malamin gona. Akwai nau'o'in wake na cibiyar IITA masu ba da tsaba da harawa tare, akwai kuma waken lablab da sauran ciyayin da cibiyar NAPRI ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana bincike a kansu. Duk sun fi ots jure zafinmu.

Mai sha'awar gwada ots ya nemi na ciyawa mai ɓawo, wanda ya fi araha, ya shuka a hunturu, a ƙaramin fili. Kafin nan ya leƙa ofishin KARDA mafi kusa da hotunan gwajin irinsa da bayanan zafin gonarsa. Idan abin ya yi, ya ɗauki bidiyo ya saka a intanet da kwanan wata da lissafin kuɗi, ko masu kiwon Kebbi ma su samu abin kallo daga ƙasar da ta yi kama da tasu.