Dara da Ces: Abin da Fassara Take Ɓoyewa a Wasan Ƙungiyar Mata

An saba fassara wasan ces da "dara" ko "darar Turawa". Fassarar tana da hujja, domin dukansu wasanni ne na mutum biyu da ake ci da dabara, ba da sa'a ba. Sai dai mai karatu daga Warra ko Yawuri, ko ƙasar Zuru inda Dakarkari suka shahara da dara, zai ɗauki ma'anar da ya sani: gidaje 30, 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. A nan ci da kaye duk na mutum ɗaya ne, ko da 'yan kallo sun cika gindin bishiya da shawara.

Gasar ƙungiyoyin mata ta ces ba haka take ba. Kowace ƙasa tana zaunar da mata huɗu a alluna huɗu. Nasara maki ɗaya ce, canjaras rabi. Ana haɗa makin huɗun, ƙungiyar da ta rinjaya ta sami maki 2, idan kuma aka yi kunnen doki kowace ta sami 1. Saboda haka 'yar wasa takan karɓi canjaras a wasan da take iya nema ta ci, ko ta yi kasada a wanda ya kamata ta haƙura, gwargwadon abin da ta hango a allunan 'yan uwanta. Ba a kuma yarda kowa ya ba ta shawarar motsi ba.

Gasar Olimfiyad ta birnin Budafes a Satumbar 2024 ta nuna wannan ƙarara. A zagaye na 9, Indiya ta sha kaye a allo ɗaya a hannun Amurka, biyu suka tashi canjaras. Vantika Agrawal ce ta doke Irina Krush, wadda ta ci gasar matan Amurka sau 8, aka tashi 2–2. Indiya ta ƙare da maki 19, Kazakistan da 18. Makin nan guda shi ne tazarar.

Kalmar "dara" ba ta ɗauke da wannan nauyi na wakilci, ga shi kuma a al'ada an fi danganta ta da dandalin maza. Ya fi dacewa a ari "ces" kai tsaye, a bar wa dara sunanta, sannan a ɗauko kalmomin ƙungiya da maki daga bakin masu sharhin ƙwallon ƙafa, waɗanda tuni suka zaunar da su a Hausa.