Juya Ma'aunin Kwararar Zafi na Ingila

Wannan ma'auni abu uku ne aka ɗaure wuri guda: yawan zafi, da faɗin wurin da yake ratsawa, da lokaci. Shi zafin da B.T.U. ake auna shi, wato gwargwadon abin da zai ƙara wa laba ɗaya ta ruwa ɗumi digiri ɗaya na Faranhait.

Alal misali, injiniyan da aka ba shi zafin tanderu bisa murabba'in inci a sakan, alhali lissafinsa bisa murabba'in ƙafa a awa yake, wajibi ne ya ninka da 144, sa'an nan da 3,600. In ya mance na biyun, wuta mai narkar da ƙarfe za ta zo masa a takarda tamkar ɗumin hantsi, ya zaɓi ƙarfen da ba zai jure ba. Rana tsaka kanta, mai wat 1,000 bisa murabba'in mita, B.T.U. 317 ce kacal bisa murabba'in ƙafa a awa.