Nahawun Turanci: Wacce Ce Ƙa'ida, Wacce Ce Ji-ta-ji-ta?

A Yalwawa, kamar sauran unguwannin Dutse, da zarar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ta ƙarato za ka ga samari da 'yan mata suna sintiri zuwa darasin yamma. A can, da kuma a majalisar ƙofar gida, maganganu kan nahawun Turanci ke yawo, kowa na cewa "haka malaminmu ya faɗa". Wasu gaskiya ne, wasu kuwa kashe wa mai koyo gwiwa kawai suke yi tun bai buɗe littafi ba. Bari mu tankaɗe, mu ware tsaki daga gari.

"Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci." Gaskiya ne. A jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, darussa huɗu ake rubutawa, kuma Turanci ne ya zama dole ga kowa. Mai neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, yana bukatar kiredit, wato aƙalla C6, a Turancin WAEC ko NECO, ko da fannin noma zai karanta.

"Wanda ya tashi da Hausa a baki ba zai iya nahawun Turanci ba." Ƙarya ce. Harsunan biyu hanya ɗaya suke bi wajen gina jimla: mai aiki, sai aikatau, sai abin da aikin ya faɗa wa. "Audu ya sayi littafi" daidai yake tafiya da *Audu bought a book*. A wurare da dama ma Hausa ta fi wuya. Bahaushe na bambanta "kai" da "ke" da "ku", Bature ya dunƙule su duka a *you*. Muna cewa farar riga, farin wando, fararen kaya, alhali *white* ba ta sauyawa. Jam'inmu kuwa gida ya koma gidaje, jaki ya koma jakuna, hanya ta koma hanyoyi. A Turanci galibi harafin *s* ake liƙawa a ƙarshe. An ma taɓa gwada tasirin harshen uwa: daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife sun koyar da 'yan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

"Sai ka haddace lokutan aikatau 12 kafin ka iya magana." Akwai ƙamshin gaskiya, amma an zuzuta. Littattafan makaranta kan jera tsari 12, sai dai kayan haɗinsu kaɗan ne. Aikatau mai bin ƙa'ida siga huɗu kacal gare shi: *walk, walks, walked, walking*. Sauran aikin na mataimaka ne irin su *will* da *have* da *be*. Inda haddar take shi ne aikatau masu bauɗewa, kusan 200, irin *go* da ke rikiɗa ya zama *went*, da kuma *be* mai siga takwas. Su ma a hankali ake tsintar su cikin karatu.

"Duk kalmar da ta ƙare da *s* jam'i ce." Ƙarya ce, kuma tana kayar da ɗalibai. A jikin suna *s* na nuna jam'i, a jikin aikatau kuwa tilo take bi: *the boy reads*, amma *the boys read*.

"Ana sa *an* a gaban harafin wasali, *a* a gaban baƙi." Kuskure ne. Sauti ake bi, ba rubutu ba. Ana cewa *an hour* domin ba a furta *h* ɗin, ana kuma cewa *a university* domin da sautin "yu" kalmar ta fara. Furta ta da bakinka, kunnenka zai ba ka amsa.

"Haramun ne a fara jimla da *because*." Babu wannan ƙa'idar. Malamai kan hana ne don kada yaro ya bar jimla a rataye. In an cike ta, kamar *Because it rained, we stayed at home*, ba mai maki da zai ja mata layi.

"Mai haɗa *p* da *f* bai iya nahawu ba." An cakuɗa abu biyu. Hausa ba ta bambanta waɗannan sautuka, shi ya sa *pan* da *fan* kan fito iri ɗaya a bakinmu. Wannan batun lafazi ne, bai shafi ginin jimla ba. Duk da haka kada a yi sakaci, domin takarda ta uku ta Turancin WAEC a kan sautuka take, kuma maki ne ke tafiya.

Don haka ɗalibi, in wani ya kawo maka sabuwar "ƙa'ida" a majalisa, ka ce ya ba ka misali uku. Sannan ka buɗe littafin karatunka ko jarida ka duba yadda aka rubuta. In ta tsaya, ka riƙe ta. In ta faɗi, ka bar ta a kan tabarmar da ka ji ta.