Faɗuwar Gaba Ba Kullum Tsoro Ba Ne: Mu San Bugun Zuciyarmu

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Da labarin kawuna zan fara. Masunci ne a ɓangaren Ngaski, tun yana yaro yake kan ruwan Kainji. Kusan shekara guda yana cewa gabansa na faɗuwa, zuciyarsa na tsalle kamar kifin da aka jefa cikin jirgi. Wasu suka ce iskar ruwa ce, wasu suka ce tunani ne. Aka yi hayaƙi, aka sha jiƙo. Wata rana da asuba ya tashi bakinsa a karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Sai a asibiti, bayan gwajin ECG, likita ya ce mana zuciyarsa ta daɗe tana bugawa ba bisa tsari ba, kuma ita ce ta jawo shanyewar ɓarin jikin. Wallahi har yau abin na damuna, don ni da na yi jami'a ban taɓa kama hannunsa na ƙirga bugun ba.

To, me ke faruwa a ciki? Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke fitar da ƙaramar wutar lantarki, ita ke ba zuciya umarnin matsewa. Babban mutum idan yana hutawa, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kusan sau 100,000 ke nan a kwana guda. Duk wanda ya taɓa kallon tseren jirage a bikin Rigata na Yauri ya san cewa sai matuƙa sun ja filafili tare jirgi ke miƙewa. Idan kowa ya ja nasa lokacin da ya ga dama, jirgin sai ya riƙa juyi a wuri ɗaya. Haka zuciya take idan wutar nan ta rikice: ko ta yi gudu, ko ta yi nawa, ko ta riƙa bugawa barkatai.

Irin ta kawuna likitoci na kiranta AF a taƙaice. Ɗakunan sama ne ke karkarwa maimakon su matse, sai jini ya kwanta a wani lungu ya daskare. Ranar da gudan jinin ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya tafi. Mai AF ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar.

Me ke kawo ta? Kan gaba hawan jini ne da aka bari ba magani. Sai ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a kula da shi ba, wanda kan lalata ƙofofin zuciya bayan shekaru. Ƙarancin jini da zazzaɓi ma suna sa zuciya gudu. Mu matasa kuma, a faɗi gaskiya: tiramadol, da lemon ƙara kuzari da muke ɗurawa don mu kwana kan ruwa ko kan babur, duk suna iya dagula bugun zuciya.

Iyayenmu mata na da nasu. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, har suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego. Wani bincike a asibitin koyarwa na Sakkwato ya samu matsalar a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Binciken da ya biyo baya a Kano ya fi karkata ga ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma mene ne sanadin, mai jego da ƙafarta ta kumbura, numfashi ke yi mata wuya idan ta kwanta, gabanta ke yawan faɗuwa, asibiti za a kai ta.

Yanzu ga abin da kowa zai iya, ko a Shanga yake ko a tsibiri. Ka zauna ka huta minti biyar. Ɗora yatsu biyu, ban da babban yatsa, a wuyan hannu ƙarƙashin babban yatsan. Duba agogon wayarka, ka ƙirga bugun na minti ɗaya cur. Ka kula da abu biyu: nawa ne, kuma yana zuwa a jere ko yana tsallake? Idan ka tuƙa jirgi ko ka yi noma ya ƙaru, ba komai. Amma idan kana zaune ya wuce 100, ko ya yi ƙasa sosai kana jin jiri, ko yana zuwa barkatai, je ka nemi a auna maka hawan jini a yi maka ECG. Gwajin ba allura, ba zafi, 'yan mintuna ne. Idan an ga buƙata, za a tura ka wajen likitan zuciya a Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Suma, ciwon ƙirji, karkacewar baki, harɗewar magana, waɗannan ba a jira gari ya waye. Kuma don Allah kada ka sayi maganin tsinka jini a kemis da kanka. Likita ne ke rubuta shi yana bibiya, don yana iya jawo zubar jini.

Aikin da na ba mu a makon nan: kowa ya ƙirga bugun mutum uku a gidansu, ya fara da tsofaffi. Kawuna yanzu yana tafiya da sanda, taru kuma 'ya'yansa ke jefawa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.