Idan Sabon Aiki Ya Danne Tsohon Fayil a PowerPoint

Ɗalibi ya buɗe fayil ɗin da zai gabatar gaban malamai, ya share rabin shafukan don ya tsara wani aiki, sai ya danna Save a maimakon Save As. Sunan fayil yana nan, amma abin da ke ciki ya tafi. Wannan ya fi gogewa muni, domin fayil da aka goge yana jira a kwandon shara, wanda aka danne kuwa ba ya zuwa can.

Idan PowerPoint yana buɗe, kada ka rufe shi. Danna Ctrl da Z sau da yawa. Manhajar tana riƙe matakai 20 na baya, kuma adanawa ba ta share su. Da aikin ya dawo, ka adana shi da sabon suna. Rufe manhajar cikin firgici ne ke kashe wannan dama.

In an riga an rufe, sai a koma ga fayilolin wucin gadi. PowerPoint yana ajiye kwafin ko-ta-kwana duk bayan minti 10. Shiga File, sannan Info, ka duba ƙarƙashin Manage Presentation. Abin da ba a adana ba yakan zauna kwana 4. Daga nan danna maɓallin Windows da R, rubuta %temp%, ka jera fayilolin bisa lokaci, ka nemi masu ƙarewa da .tmp na ranar da abin ya faru. Kwafe wanda kake zargi zuwa wani wuri, ka mayar da ƙarshen sunansa .pptx. Tun daga Office 2007 irin wannan fayil ƙunshin zip ne, don haka in ka sa masa .zip ka ga folda mai suna slides a ciki, to ka kama na gaskiya. Ƙaramin fayil mai farawa da ~$ kuwa kada ya ruɗe ka, sunan wanda ya buɗe aikin kawai yake ɗauke da shi.

Gaskiya ita ce wannan hanya ba ta cika kai mutum ga gaci ba. An yi ta ne don ɗaukewar wuta da maƙalewar kwamfuta, kuma da ka adana ka rufe lafiya, manhajar takan share kwafinta. Abin da ya fi amfani shi ne Version History, in fayil ɗin yana OneDrive, ko Previous Versions a cikin Properties, in an kunna File History tun da farko.

Manhajojin tono irin su Recuva sukan dace a tsohon faifai ko filash, muddin ba a ci gaba da zuba sababbin abubuwa a kai ba. A faifan SSD, tsarin TRIM yakan share gurbin da wuri. Kafin ka kai kwamfutar wurin mai gyara, leƙa imel da WhatsApp ɗinka tukuna, wataƙila kwafin da ka tura wa malami a makon jiya yana can.