Yawon buɗe ido a Shenzhen: shirya wayarka tun kana gida

Duk mai riƙe da Tecno, Infinix ko itel yana da alaƙa da birnin Shenzhen na ƙasar Sin, domin a can hedikwatar Transsion take, kamfanin da ya mallaki wayoyin uku. Huawei, Tencent da DJI ma duk 'yan garin ne. Sayen kayan aiki ya kai ni, da na gama kuma na ware kwana biyu na zaga gari.

Kasuwar Huaqiangbei ce zangon farko na kowane baƙo. Ka ɗauki Farm Center ta Kano ka jera ta a benaye, gini bayan gini. A SEG Plaza za ka tarar da shagon da ba ya sayar da komai sai maɓalli, na kusa da shi sai ƙananan kyamarori. Nan ne za ka gane cewa waya tarin ƙananan sassa ce, kowanne da farashinsa.

Amma kada kasuwa ta cinye maka tafiyar. Ka hau Ping An Finance Centre, bene mai tsawon mita 599, ka ga birnin da aka mayar yankin tattalin arziki na musamman a 1980, yanzu mutanensa sun haura miliyan 17. Da yamma ka je lambun Lianhuashan, inda mutum-mutumin Deng Xiaoping yake, shiga kyauta ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun tituna: tun 2017 motocin bas na birnin suka koma lantarki.

Duk wannan yawo a waya yake tafiya. Jirgin ƙasa, tasi, abinci, har mai sayar da 'ya'yan itace, lambar QR suke nuna maka. Kuɗin hannu na aiki, sai dai samun canji wahala ne. Google, WhatsApp da Facebook kuma ba sa buɗewa da layin ƙasar.

Don haka kafin ka tashi:

Ka sauke Alipay ko WeChat, ka haɗa da katin Visa ko Mastercard mai biyan kuɗin waje, ka tantance da fasfo ɗinka.

Ka sayi eSIM na matafiya ko ka kunna romin, da shi WhatsApp zai yi aiki. Ka fara duba ko wayarka na karɓar eSIM.

Ka sauke taswirar Amap da manhajar fassara mai aiki ba intanet.

Ka adana hoton alamar 清真, ma'anarta halal. Shagunan taliyar Lanzhou da yawa na ɗauke da ita.

Ka riƙe fawa bank. Idan caji ya ƙare, kuɗin motarka da hanyar masaukinka sun tafi tare.